Nasrin: nasara ce, ko mikiya, ko fure?

Abban_Khalil
Assalamu alaikum jama'ar gida. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Talata da asuba, an samu mace, uwa da 'ya duk lafiya lau. Suna ranar Talata mai zuwa in Allah ya kai mu. To ga inda gizo ke saƙar. Tun cikin yana wata huɗu uwar ta ƙwallafa rai a kan Nasrin, ni kuma na amince, don a zatona daga nasara aka samo shi, ƙanwar Nasiru ke nan. Jiya da na faɗa wa yayana sai ya ɓata fuska, ya ce in je in bincika, wai Nasr sunan gunki ne a Suratu Nuhu, Nasrin kuma "Nasr biyu" yake nufi. Ita kuma ta dage cewa sunan fure ne na mutanen Farisa. Suna ɗaya, magana uku. Har yanzu ban raɗa wa yarinyar suna ba, kullum Hajiya sai ta tambaye ni. Wanda ya san asalin sunan nan ya taimaka.

Maman_Ilham
Barka da arziki, Allah ya raya ta bisa sunna, ya ba mai jego lafiya. Ni dai tun da nake jin sunan nan, nasara na sani. Akwai Nasrin biyu a layinmu, duk haka iyayensu suka ce min.

Dan_Tsangaya
Allah ya raya. Maman Ilham, boko ne ya ruɗe ku. Nasarar da kike nufi da sodi ake rubuta ta, نصر, kamar farkon "Iza ja'a". Nasiru, Mansur, Nasira, Intisar, duk gidan sodi ne. Shi kuwa wannan sunan da sin ake rubuta shi, نسرين. A boko duk "s" ce, a allo kuwa gida biyu ne da ba su haɗa ko katanga ba. Don haka batun nasara dai a cire shi.

Bakano_Sak
Gara ma da aka cire, kafin wani ya zo ya ce daga Nasara masu jajayen kunnuwa aka samo shi 😂

Abu_Hafsa
To in da sin ne, ai maganar yayanka ta fito ke nan. Aya ta 23 a Suratu Nuhu ta lissafo su: Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru, kuma Nasrun nan da sin yake. Ɗan'uwa, sunaye sun ƙare ne? Ga Khadija, ga A'isha, ga Fatima, ga Maryam. Ka bar abin da kake kokwanto ka kama wanda ba ka kokwanto. Yarinya za ta ɗauki suna har kabari, ba abin gwaji ba ne.

Malam_Nahawu
Malam Abu Hafsa, nasiharka tana kan hanya, amma hujjar ta ɗan goce. Bari in warware zaren a hankali.

Nasr da sin, a Larabci, sunan tsuntsu ne, babban nan na dangin mikiya da ungulu. Gunkin da ayar ta ambata sunansa ke nan, kuma a ruwayar Ibn Abbas sunayen nan biyar na wasu salihan bayi ne daga mutanen Annabi Nuhu, bayan mutuwarsu aka yi musu gumaka, daga baya Nasru ya zama gunkin Himyarawa a Yaman. Wannan duk gaskiya ne. In za ka ce mikiya biyu kuwa, sai ka ce nasrani ko nasraini, da wasali bisa a kan ra. Larabawa ma suna kiran wasu taurari biyu masu haske da haka, Nasruɗ Ɗa'ir da Nasrul Waƙi'i, wato mikiya mai tashi da mikiya mai sauka. To in ba a sa wasali ba, nasraini da nasrin rubutunsu iri ɗaya ne sak. Ina jin nan ne yayan Abban Khalil ya yi tuntuɓe, kuma ba laifinsa ba ne, ko ɗalibin da ya yi nisa zai iya yin sa.

Amma sunan da ake sa wa 'ya'ya mata ra ɗinsa wasali ƙasa gare shi, da ja: rin. Larabawa suna cewa nisrin. Ƙamusoshin Larabci na dauri sun jera shi cikin tsirrai masu ƙanshi, wasunsu kuma sun faɗa ƙarara cewa kalmar Farisanci ce da Larabci ya ara. Ba tagwayen kowa ba ne. Kamar ka ce Bala da bala'i 'yan gida ɗaya ne don harufansu sun yi kama.

Maman_Ilham
Ikon Allah. Shekara nawa ina ce wa yaran nan "mai nasara". Allah ya gafarta Malam, mun gode.

Bahaushe_a_Shiraz
Maiɗakinka ce ta canka, Abban Khalil. Shekara biyar na yi a Iran ina karatun haɗa magunguna, kuma furen na gan shi da idona, ba labari ba.

Wardi ne, amma na daji. Ba irin cukus ɗin nan mai ganye rututu da ake sayarwa a leda ranar biki ba. Shi ganyen furensa biyar ne kacal, a buɗe kamar tafin hannu, fari ko mai ɗan ja-ja kaɗan, tsakiyarsa rawaya. Itacen sarƙaƙiya ce mai ƙaya, tana hawa katanga ko ta bazu a gefen dutse. Suna ce masa nasrin, suna kuma cewa nastaran, shi ma Nastaran sunan mata ne a can. Wata rana a ƙarshen bazararsu muka fita bayan gari wajen duwatsun Zagros da wani abokin karatuna, na kai hannu zan tsinko ɗaya, ƙaya ta kama hannun rigata ta ƙi saki sai da ya zo ya ɓanɓare ni yana dariya. In furen ya kaɗe sai ya bar wasu 'ya'ya jajaye kamar ƙananan tsada, su ake busarwa a dafa kamar shayi lokacin sanyi.

Abin da ya sa sunan yake da nauyi a wurinsu kuwa waƙa ce. Mawaƙansu ba su gajiya da lambu: gul, wato wardi, da nasrin, da yasaman, da lale, da nargis, kowanne da abin da ake kwatanta shi da shi a jikin masoyi. Nargis ido ne, itacen sarw tsawo ne, nasrin kuma hasken fata da laushinta. Hafiz na Shiraz, wanda ya rasu wajen 1390, yana da baitin da kusan kowa ya haddace, ya buɗe wata waƙa da shi:

An ke rokhsar-e to ra rang-e gol o nasrin dad
Sabr o aram tavanad be man-e meskin dad

Ma'ana, wanda ya ba kumatunki launin wardi da nasrin, shi ne mai ikon ba ni haƙuri da kwanciyar rai, ni miskini. Ku duba sabr da meskin, ai kun gane su ba sai an fassara ba. Na ce "kumatunki" ne don Hausa ta tilasta ni, Farisanci ba ya bambanta ke da kai, shi ya sa malamansu suke ta jayayya ko da mace yake, ko da Ubangiji. Kabarinsa yana nan cikin wani lambu a Shiraz, da yamma za ka tarar da iyalai zaune suna karanta diwaninsa. Duk Ba'iraniyar da ka ji ana kira Nasrin, wannan duniyar ce a bayan sunan.

Zarah_Katsina
Wayyo, wannan baiti ya tafi da ni. Abban Khalil ka sa kawai, in ta girma ka karanta mata.

Abu_Hafsa
Na karɓi gyaran Malam Nahawu a kan gunki, Allah ya saka da alheri. Amma ga shi an fito da wata. Sunan mutanen Iran ne ashe. Gobe a makaranta a riƙa yi wa yarinya kallon 'yar Shi'a, ko a ɗauka uban ne ya canza sheƙa. Mu da muke cikin gari mun san yadda ake.

Tarihi_Madubi
Malam, Farisanci ya girmi wannan rabuwar da kake tsoro, kuma ya fi Iran faɗi. Iran ba ta zama ƙasar Shi'a a hukumance ba sai 1501, da Shah Isma'il ya kafa daular Safawiyya. Hafiz ya rasu fiye da shekara ɗari kafin nan. Yau ma Farisanci ne harshen Tajikistan, shi ne kuma Dari na Afganistan, kuma mafi yawan mutanen ƙasashen nan biyu Sunni ne. Sunan Nasrin cike yake a Pakistan da Bangaladash da Indiya, Turkawa suna cewa Nesrin, a Siriya da Labanan da Falasɗinu Nisrin, har Kiristocinsu suna sawa. Fure ba shi da mazhaba.

In kuma asalin Farisa ne abin gudu, to aiki ya same mu. Kakan kakan Imamul Bukhari sunansa Bardizba. Sibawaihi, wanda duk mai karatun nahawu yake ci daga tukunyarsa, laƙabinsa Farisanci ne, malamai suna fassara shi da ƙanshin tuffa. Ga Salmanul Farisi. A cikin Sahihul Bukhari ma akwai babi guda a kan wanda ya yi magana da Farisanci, inda aka kawo cewa ranar Khandaƙ Manzon Allah (SAW) ya kira sahabbai zuwa abincin Jabir da kalmar sur, wato walima da harshen Farisa.

Malam_Nahawu
Ƙari a kan wannan: abin da aka sani Annabi (SAW) ya canza shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai yabon kai. Ya mayar da Asiya mai sodi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya mayar da Barra zuwa Zainab. Ma'ana ake dubawa. Amma fa ban ce Malam Abu Hafsa bai da gaskiya a kan falalar sunayen matan Annabi da sahabbai ba. Halas daban, abin da ya fi daban.

Fiddausi_M
Ina ta karatu ina shiru, sai da aka zo kan "sunan mutanen Iran" na ce bari in tofa. Ni sunana Firdausi, sunan kakata aka mayar min, kuma sai a jami'a na ji cewa kalmar tushenta tsohon harshen Iran ne, lambun da aka kewaye da katanga. Ga ta a Alƙur'ani sau biyu, ƙarshen Kahfi da farkon Mu'minun. Abin dariyar ma, shahararren Firdausin da duniya ta sani namiji ne, mawaƙin garin Tus da ya kammala Shahnama a 1010. Ba wanda ya taɓa tare ni a hanya ya ce min 'yar Shi'a. Don mun saba da shi ne kawai.

Bakano_Sak
Fiddausi namiji? Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. A Kano ko da kuɗi ba za ka samu wanda zai amsa ba.

Maman_Nasreen
Ni ce mai abin a hannu, tawa shekararta tara. Ma'ana ba ta taɓa ba ni matsala ba, rubutu ne ya wahalar da ni. A takardar haihuwa babanta ya rubuta Nasreen, a makaranta suka rubuta Nasrin, a katin asibiti Nasirin. Da muka je wani ofis yin rajista, yarinyar tana tsaye a gabansa da ɗan hijabinta ruwan hoda, ma'aikacin bai ko ɗaga kai ba ya buga Nasiru, ya sa namiji. Ba mu lura ba sai da takarda ta fito. Sau huɗu ina komawa, har da rantsuwar kotu, kafin a gyara. Don haka shawarata, in kun tsaya a kansa, ku zaɓi rubutu ɗaya tun ranar suna, ku rubuta a takarda ku riƙa miƙa wa duk mai cike fom. Kada ka yarda ka faɗa da baki.

Sai kuma tsofaffi. Kakarta ta wajen uba har ta koma ga Allah Nasiratu take ce mata. Mun gyara, mun gyara, muka haƙura.

Dan_Damagaram
Mu nan Nijar da rubutun Faransanci abin ya fi haka rikicewa, Nesrine ko Nisrine za ka gani, da "e" a ƙarshe, irin na mutanen Aljeriya da Tunusiya. Wata 'yar ƙanwata haka aka rubuta mata a Zinder, da suka koma Kano malamar ajinsu ta riƙa kiran "Nesirine". Barka Abban Khalil, Allah shi raya.

Kaka_Ta_Yanke_Saka
Ni tambayata ɗaya. Mu ba mu da furanni ne, ko ba mu da baki? Kowa ya haihu sai ya shiga waya neman sunan da maƙwabta ba su taɓa ji ba. Ina Kyauta, ina Dela, ina Tanoma, ina Zinariya, ina Auta? Bafarishe ya kalli dajinsu ya ga fure ya sa wa 'yarsa, mu kuma mu tsallake namu dajin mu je mu aro nasa, furen da ko a hoto yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Zarah_Katsina
To Baba, wa zai sa wa 'yarsa Tumfafiya? 😂 Kuma sunayen da ka lissafo ai laƙabi ne, ba da su ake yanka rago ba. Sunan yanka tun kaka da kakanni na aro ne, daga Larabci. Zarah ɗin nan tawa ma fure ce.

Kaka_Ta_Yanke_Saka
'Yata, na Larabci addini ne ya kawo su, akwai dalili. Wannan kuwa finafinan Indiya ne da waya suka kawo. Amma na ji, Tumfafiya ba ta yi ba.

Tarihi_Madubi
Baba Kaka, aron ya daɗe, ba a waya ya fara ba. Lemo, sukari, almiski, kaftani, duk sun ratsa ta Farisanci kafin Larabci ya miƙo mana. Hawan daba ma daga darbar ne, fadar sarki da Farisanci, Turawan Ingila suka ɗauko kalmar daga Indiya suka sauke mana. Kai, ita kanta kalmar wardi da muke ɗauka Larabci tsantsa, masana harshe sun ce daga tsohon harshen Iran ta fito, ita ce ta rikiɗe a bakinsu ta zama gul. Don haka mai Warda da mai Nasrin lambu ɗaya suka shiga, ƙofa ce ta bambanta.

Inda na yarda da kai shi ne batun Indiya. Farisanci ya yi ɗaruruwan shekaru yana harshen fada da adabi a can zamanin sarakunan Mugal, shi ya sa sunaye irin su Shabnam, Parvin, Nasrin da Yasmin suka cika Urdu, mu kuma muka tsince su a sinima.

Hauwa_Kumasi
Tun da an ambaci Shabnam, don Allah me yake nufi? Akwai mai sunan a zangonmu.

Bahaushe_a_Shiraz
Raɓa. Shab dare, nam danshi, danshin dare ke nan. Parvin kuma taurarin nan ne da muke kira kaza da 'ya'yanta, su ne Surayya da Larabci, don haka Parvin da Surayya takwarori ne ba su sani ba. Mahsa, mai kama da wata. Shirin, mai zaƙi.

Bakano_Sak
Shirin me? Shirin rana ko shirin dare? Wannan kam ko kyauta aka ba ni ba na so, yara za su mayar da ita Shirim ba ci ba.

Tarihi_Madubi
Ka yi dariya, amma sunan sarauniya ne. Shirin matar Kisra Parwiz ce, wanda ya mulki Farisa daga 590 zuwa 628, shi ne dai Kisran da ya yaga wasiƙar Annabi (SAW). Ita Kirista ce. Labarin soyayyarsu da na Farhad mai sassaƙa dutse shi ne Laila da Majnun ɗin Farisawa. A zamanin nan kuma ga lauya Shirin Ebadi da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2003. Lauyar nan ma da ta yi suna wajen kare mata da fursunoni a Iran har aka ɗaure ta, Nasrin Sotoudeh, ai takwarar jaririyarmu ce in an sa.

Amma maganarka tana da ƙanshin gaskiya. Suna yana iya zama zuma a harshensa ya zo Hausa ya yi karo da wata kalma. Nasrin dai ban ga abin da ya yi karo da shi ba sai Nasiru.

Admin_Sadiya
Jama'a an yi nisa, mai tambaya yana da kwana uku kacal. A dawo kan Nasrin don Allah.

Dan_Tsangaya
To a taƙaice dai daga ɓangarena: ba nasara ba ne, ba gunki ba ne. Saura ya rage tsakaninsa da iyalinsa. Ni da ni ne, zan nuna wa yayan nawa bayanin Malam Nahawu cikin ladabi, ba a gaban mutane ba. Babban wa uba ne.

Abban_Khalil
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina baitin nan, tun ɗazu take murmushi tana cewa "ai na faɗa maka". Yaya kuma na same shi bayan isha'i, na nuna masa batun wasalin, ya jinjina kai ya ce ya janye maganar gunki, amma shi har yanzu bai ga abin da ya hana a sa sunan da kowa ya sani ba.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Ashe Hajiya tana da nata a zuci, tana so a mayar da sunan yayarta marigayiya, A'isha, kunya ce ta hana ta faɗa, sai ta bakin ƙanwata na ji. Yanzu shawarar da ake kai shi ne a yanka rago da A'isha, a riƙa kiran ta Nasrin, tun da dama Hajiya ba za ta iya faɗin sunan yayarta gatsau ba, dole a nemi na sakayawa. Uwar ta ce ita ba ta ƙi ba, amma tana so Nasrin ya shiga takarda, kada ya tsaya a tsakar gida. Na gwada wa Hajiya sunan, ta maimaita sau biyu, ta ce "Nasirin? To ai ba shi da wuya."

Maman_Nasreen
Ka ga irin ta ko? Tun ba a yi suna ba an fara. A'isha Nasrin ɗin ya yi daɗi, amma ka tabbata yadda aka jera su a takardar haihuwa haka za su bi ta har jarrabawar fita sakandare, in ba haka ba kai ma za ka san hanyar kotu.

Abu_Hafsa
Alhamdu lillahi, A'isha dai ta shigo. Allah ya raya ta, ya sa ta gaji mai sunan. Na biyun kuma ku kuka sani.

Fiddausi_M
Malam, ka rubuta ka ajiye, na biyun ne zai kama. Ƙanwata sunan yankanta Hajara, yau shekararta ashirin da shida, ko mijinta Yasmin ya sani.

Hauwa_Kumasi
Bahaushe a Shiraz, furen nan zai yi a ƙasarmu kuwa in an samo irinsa? Ina sha'awar in dasa a bayan ɗaki.

Bahaushe_a_Shiraz
Yana son sanyi sosai, Hajiya. Jos ko Mambila wataƙila, Kumasi kam ban ce ba. In za ki gwada ki nemi reshe, kada ki wahalar da kanki da ƙwaya, tana daɗewa ba ta tsiro ba. Kuma ki dasa shi nesa da igiyar shanya.